Babu Sarkin Zango a Danmak

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin mutanenmu, daga majalisun Boɗinga har tashar motar Shagari, wadda ake faɗa wa duk yaron da ya ɗaura niyyar barin gida: Bahaushe ba ya ɓata. Ko'ina ka sauka a duniya, in ji masu maganar, ka nemi masallaci, ka tambayi inda 'yan Arewa suke, za a kai ka wurin wani babba, ya ba ka tabarma da tuwo, ya nema maka abin yi kafin ka san gari. A 'yan shekarun nan da waya ta shigo da hotunan Turai cikin ɗakunan samari, sai aka yi wa maganar ƙari. Aka ce in ƙasa irin Danmak ce ma, ai abin ya fi sauƙi, don can gwamnati ce ke biyan kuɗin asibiti da na makaranta, wanda ba ya aiki ma ana ba shi na cefane. Kai dai ka isa. In kana da ɗan'uwa a can, ka gama.

Ina ganin girman masu wannan magana, don da yawansu iyayena ne, kuma ba a iska suka tsince ta ba. Amma ban yarda da ita ba, kuma ina jin tsoron ranar da za ta sa wani bawan Allah ya sayar da gonar gado ya miƙa wa dillalin biza.

Gaskiyar da ke cikinta ba kaɗan ba ce. Ƙasarmu ƙasar saukar baƙi ce tun asali. Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi yana nan kusa a Boɗinga, malamai da almajirai suna ta kwararowa daga nesa, ba wanda aka tambaya takarda. Mu kanmu kuma matafiya ne. Da an yi girbi an kai gero rumbu, sai samari su ɗauki sanda da buhu su tafi cin rani. Wani Bature masanin labarin ƙasa, Mansell Prothero, ya yi rubutu a kan ƙidayar da aka yi a mashigan lardin Sakkwato a ranin 1952 zuwa 1953, inda aka lissafa fiye da mutum 200,000 suna fita, wasu ƙasar Yarbawa, wasu har Kumasi. Duk inda suka nufa kuwa sun tarar da shimfiɗa. Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, tana da masu gida da ke sauke fataken shanu da na goro, su ba su ɗaki, su haɗa su da mai saye, su tsaya musu in bashi ya shiga tsakani. Zangon Kumasi haka, Nima da Sabon Zango a Akkara haka. Can a Sudan, ragowar jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru, bayan ya rasu a yaƙin Burmi a 1903, sun bi ɗansa Muhammadu Bello suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogi, har yau zuriyarsu na nan. Wanda kakansa ya yi wannan tafiya ya dawo da kuɗin aure da keke, in ya ce Bahaushe ba ya ɓata, abin da ya gani ya faɗa.

Sai dai a duba abin da ya riƙe zango har ya yi wannan aiki. Mai gari ne ya ba baƙi fili ya ce su naɗa sarkinsu. Sana'ar da baƙo zai kama, dako ne ko ga-ruwa ko gadi ko tallar goro, ba ta buƙatar sa hannun kowa. Shaidar mutum kuma bakin maigidansa ce, in ya ce yarona ne magana ta ƙare. Hukuma tana can nesa, ba ta ƙirga wanda ya kwana a zaure.

Duk ranar da hukuma ta matso kusa, zango yakan gaza. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fice, Hausawa da Yarbawa da suka hayayyafa a can suka kwaso abin da hannu zai iya ɗauka. A watan Janairun 1983 kuma, zamanin mulkin marigayi Alhaji Shehu Shagari, Allah ya jiƙansa da rahama, gwamnatin Nijeriya ta ba da irin wannan umarni, fiye da mutum miliyan ɗaya, da yawansu 'yan Gana, suka bar ƙasar cikin 'yan makonni. Ba don in ɗora wa kowa laifi na kawo wannan ba, kowa ya san farashin mai ya faɗi a lokacin, arzikin ƙasa ya karye. Na kawo shi ne don dattawan Shagari da Kajiji da Dandin Mahe suna tune da shi, sun san a waɗancan kwanaki babu Sarkin Zango ko maigidan da ya iya tsare yaronsa da fatar baki. To abin da mu muke tunawa kamar annobar shekara guda, a Danmak shi ne tsarin kowace safiya. Takarda ce ke shiga gaba, mutum yana biye.

Danmak ƙaramar ƙasa ce a arewa da Jamus, mutanenta kusan miliyan 6, wato kusan daidai da na jiharmu ta Sakkwato. Mun san ta da madarar Dano ta kamfanin Arla, da kwantenonin Maersk da ke kan manyan motoci, da kuma zanen ɓatanci da wata jaridarsu ta buga a 2005, wanda ya ƙona zuciyar kowane Musulmi. Abin da ba mu sani ba shi ne yadda ake kwana a tashi a cikinta. Tun 1968 duk wanda ke zaune a ƙasar yana da lamba mai alƙaluma goma da ake kira CPR, shida na farko ranar haihuwarsa ce. (Wanda ranar haihuwarsa ta fasfo daban, ta takardar sakandare daban, ta katin ɗan ƙasa daban, ya gyara tun yana gida, don can ba a ɗaukar wannan ƙaramin abu.) Da wannan lamba ake ba mutum katin asibiti mai ruwan ɗorawa, ɗauke da sunan likitan da zai riƙa gani. Da ita ake buɗe asusun banki, a karɓi albashi, a sa yaro makaranta, a ari littafi a laburare. Duk alherin da ake ba da labarinsa gaskiya ne, rijiyar cike take da ruwa, amma lambar nan ita ce guga, kuma ba a aron na wani.

Kafin a ba baƙo lambar, sai ya nuna takardar izinin zama, ya kuma nuna adireshin da yake kwana da gaske. A nan ne ɗan'uwan da ake taƙama da shi ke fara gazawa, ba don rowa ba. Ɗakin da yake ciki na haya ne, da yarjejeniya a rubuce, kuma ba zai ƙara mutum a kai yadda ya ga dama ba. Rubuta sunan wani a adireshin da ba nan yake kwana ba laifi ne a doka. In kuwa baƙon zai kama nasa ɗaki, doka ta yarda mai gida ya nemi kuɗin jingina har na wata uku, da hayar gaba har ta wata uku, ban da ta watan shiga. Wato mutum yana iya zube hayar wata bakwai kafin a miƙa masa mabuɗi, a birni irin Kopenhagen inda ake shekaru a layin jiran gidaje masu rangwame.

Bayan lamba sai MitID, shaidar da ke cikin waya, wadda da ita ake shiga banki da ofishin haraji da shafin asibiti. Tun 2014 wasiƙun hukuma ta intanet suke zuwa, cikin wani akwati na musamman, kuma in an aiko ana ɗauka ka karanta. Wanda bai duba ba har ranar ganin likita ko ranar sabunta takarda ta wuce, babu wani babba da zai je ya ba da haƙuri a madadinsa. Tsabar kuɗi ma tana ɓacewa, har an janye takardar kuɗinsu ta kurone 1,000 daga kasuwa a watan Mayun 2025, mai sayar da furanni a bakin hanya ma ta waya ake biyansa. Sana'o'in da suka raya kakanninmu a kurmi babu su. Ba a ga-ruwa inda famfo ke cikin kowane ɗaki, ba a kasa kaya a titi sai da izinin ƙaramar hukuma, wanda kuma ya ɗauki marar takarda aiki tara mai nauyi ke jiransa, shi ma'aikacin kuma a mayar da shi inda ya fito. Abin da ya rage wa marar lamba shi ne tsintar kwalabe da gwangwanayen lemo a wuraren shaƙatawa, a kai kanti a karɓi kurone 1 zuwa 3 a kan kowane. Akwai 'yan Afirka ta Yamma da ke wannan a Kopenhagen, wasunsu suna kwana a waje. Ba na raina neman halak kowane iri ne. Amma ba don wannan ake sayar da fadama ba.

Mu zo ga batun kuɗin gwamnati, wanda shi ya fi ruɗar samari. Asibiti kyauta ne ga mai katin nan, makarantar yara kyauta ce, wannan ba ƙarya. Amma daga aljihun mutanen ake cire shi tun kafin albashi ya shigo. Ana fara zare kashi 8 cikin 100, sannan ƙaramar hukuma ta ɗauki wajen rubu'in abin da ya rage bayan rangwame, gwamnatin tsakiya ta ɗauki nata, har ƙaramin ma'aikaci ya rabu da kusan sulusin abin da ya samu, babba kuwa fiye da haka. In ya shiga kanti, akwai harajin kashi 25 cikin 100 a kan kusan komai, har burodi da madara. Wanda ya fara aiki bai nemi katin haraji ba, kashi 55 za a cire masa. Mutanen ƙasar sun yarda da wannan ne don suna ganin inda kuɗin ke zuwa, kuma saboda haka suke sa ido ƙwarai a kan wanda zai ci bai zuba ba. Baƙon da ya shiga da izinin aiki ko na karatu, in ya karɓi tallafin marasa aiki na gwamnati, izinin nasa ne ke cikin haɗari. Mai son izinin zama na dindindin, a ƙa'ida sai ya yi shekara 8, ya ci jarrabawar harshen ƙasar, ya nuna ya yi cikakken aiki shekara uku da rabi cikin huɗun ƙarshe, kuma bai karɓi irin wancan tallafi ba a cikinsu. Jami'a kyauta ce ga ɗan ƙasa da ɗan Tarayyar Turai, amma tun 2006 ɗan Nijeriya biya yake yi, dubban yuro a shekara, sai wanda ya dace da gurbin tallafi, kuma awannin da ɗalibi zai yi aiki ƙayyadaddu ne.

Wani zai ce to a shiga ta ƙofar neman mafaka mana. Wannan ƙofa ita ce mafi ƙunci. Talauci da rashin aiki ba hujjar mafaka ba ne a dokarsu. A 2016 majalisarsu ta yi dokar da ta ba 'yan sanda damar karɓe abin da ya haura kurone 10,000 a hannun mai neman mafaka. Daga 2019 aka mayar da izinin 'yan gudun hijira na wucin gadi, har aka janye na wasu 'yan Siriya da suka fito daga yankin Dimashƙa. Firaminista Mette Frederiksen ta faɗa a 2021 cewa burinta kada a samu mai neman mafaka ko ɗaya. Wanda ya bi ta Illela da Ƙonni da Tawa da Agadas, ya tsira daga sahara da Libiya da teku, aka ɗauki hoton yatsunsa a Italiya, in ya ƙarasa Danmak yarjejeniyar Turai ta ba su damar mayar da shi Italiya. Wanda aka ƙi kuma ya ƙi tafiya, akwai sansanonin da ake ajiye irinsa, ba aiki, ba makoma, shekara da shekaru.

Abin da ya fi kai ni ga rubuta wannan shi ne, ƙasar ba rashin zango kawai take da shi ba, gwamnatinta da gangan take rushe duk abin da ya fara kama da shi. A 2018 aka yi dokoki a kan unguwannin da fiye da rabin mazaunansu asalinsu daga ƙasashen da suke kira waɗanda ba na Yamma ba, in hakan ya haɗu da yawan rashin aiki ko ƙarancin ilimi ko laifuka. An sayar da gidaje ko an rushe su a irin su Mjølnerparken a Kopenhagen, da Gellerup a Aarhus, da Vollsmose a Odense, aka tarwatsa iyalan da suka yi shekaru suna maƙwabtaka. A irin waɗannan unguwanni, yaro da ya cika shekara ɗaya dole a kai shi gidan reno awa 25 a mako don ya tashi da harshen ƙasar da al'adunta, in iyaye sun ƙi a tsayar da kuɗin tallafin yara. Ni a ganina akwai zalunci a auna mutum da inda aka haifi iyayensa, kuma mazauna sun kai ƙara har kotun Tarayyar Turai. Amma ra'ayina ba zai canza abin da yaronmu zai tarar ba. Inda Sarkin Ibadan da na Asante suka ga amfanin a bar baƙi su taru wuri guda da shugabansu, Danmak tana ganin wannan taruwa ita ce cutar da take magani.

Ko an samu takarda da ɗaki da aiki, sauran zaman kansa. Ɗan'uwan nan da matarsa duk suna fita aiki, awa 37 a mako, yara suna gidan reno, gida a kulle yake daga safe har la'asar. Babu zaure, babu majalisar bakin titi, babu mai shayin da za a zauna wurinsa a ji labarin gari. Ba a faɗo wa mutum gida da sallama kawai, sai an sa rana, wani lokaci mako biyu ko uku gaba, kuma in an ce ƙarfe shida to shida ɗin ce. Maƙwabci zai amsa gaisuwa a taƙaice ya wuce, ba zai tambayi iyali da gajiya da kwanan gida ba, a wurinsa barin mutum ya sha iska shi ne ladabi. A watan Disamba rana wajen awa 7 kawai take yi a sama, mutum ya fita aiki cikin duhu ya dawo cikin duhu, ga iska mai sanyi da yayyafi, ga keke ne abin hawan mutane da yawa, don harajin sayen mota yana iya fin kuɗin motar. Wanda ya tashi a Dancaɗi ko Sifawa, inda ba a wuni ba a gaisa da mutum hamsin ba, wannan shiru yana iya kwantar da shi fiye da zazzaɓi. Kaɗaici ciwo ne, kuma masu turo hotuna a gaban dogayen gine-gine ba sa ɗaukar hotonsa.

Mai iyali yana da nasa karatun. Tun 1997 doka ta hana dukan yaro, ko da na tarbiyya ne, ko da uba ne ko uwa. Malamar makaranta ko ta gidan reno da ta ga alamar bulala wajibinta ne ta sanar da ƙaramar hukuma, kuma magana tana iya kaiwa ga raba yaro da gida. Saurayin da ke shirin in ya zauna ya aiko a ɗaura masa aure a kai masa amarya, ya sani tun 2002 ƙa'ida ita ce sai shi da ita duk sun kai shekara 24, ban da sharuɗɗan gida da aiki da kuɗin ajiya. Mace tana sa hijabinta ta je makaranta ko aiki, amma rufe fuska da niƙabi a bainar jama'a an hana tun watan Agustan 2018, tararsa ta farko kurone 1,000.

Addini kuwa ana yinsa, kada wani ya ce na ce ba a yi. Akwai masallatai a manyan birane, an buɗe wani babba mai hasumiya a unguwar Nørrebro ta Kopenhagen a 2014, akwai maƙabartar Musulmi a Brøndby tun 2006, kuma a watan Disamban 2023 majalisa ta yi dokar hana wulaƙanta littattafai masu tsarki bayan ƙone-ƙonen Alƙur'ani da wasu suka yi. Sai dai Juma'a ranar aiki ce, fita masallaci sai an daidaita da shugaban wurin aiki. Ba a jin kiran salla daga ɗaki, agogon waya ne ladan. A tsakiyar bazara rana tana haura awa 17, Isha da Asuba su matso juna har barci ya rasa wurin shiga, shekarun da azumi ya faɗo a watan Yuni kuwa an sha wuya. Aladun ƙasar sun fi mutanenta yawa nesa ba kusa ba, don haka sai an koyi karanta abin da aka rubuta a jikin kowane ƙunshin abinci, ko a nemi mahautan Larabawa da Turkawa. Tun 2014 an hana yanka dabba ba tare da an sumar da ita ba, wanda malamai suka yi saɓani a kansa, shi ya sa da yawa suke aiko da kuɗin layya gida. Duk wannan mai ilimin addininsa zai iya da shi. Wanda sallarsa ta dogara da ganin mutane sun tashi, shi ne abin jin tsoro.

Kada kuma a juya maganata a ce mutanen Danmak marasa imani ne, ba su san baƙo ba. Wannan ma kuskure ne, kuma yana cutar da wanda ya riga ya isa, don yana sa shi ya kulle kansa a ɗaki. Mutane ne masu riƙon amana da cika alkawari, har uwa takan bar jaririnta yana barci cikin keken turawa a ƙofar gidan shayi ita tana ciki. Ma'aikaci yana kiran shugabansa da sunansa, mai shara da likita suna layi ɗaya. A 2013 wasu mutanen garin Hjørring suka fara wata ƙungiya mai suna Venligboerne, wadda ta bazu a ƙasar tana taimakon 'yan gudun hijira da tufafi da rakiya ofis da koyon harshe. Ƙofar shiga cikinsu tana nan, sai dai ba inda muka saba nemanta take ba. Tana makarantar koyon harshe, wadda ƙaramar hukuma ke ba sabon zuwa mai izini damar shiga har shekara biyar, wasu da ajiyar kurone 2,000 da ake mayarwa in an ci jarrabawa. Kusan kowa yana jin Turanci, shi ya sa baƙi da yawa ke sakaci, amma hirar cin abincin rana a wurin aiki da taron iyayen yara da harshensu ake yi, wanda ba ya ji kuwa yana gefe ko ya shekara ashirin. Ƙofar tana kuma cikin ƙungiyoyi, don kusan duk abin da ɗan Danmak zai yi da jama'a, ƙwallo ne ko iyo ko lambu ko waƙa, a ƙungiya yake yinsa, da rajista da kuɗin wata da ranar taro. Uban da ya kai ɗansa ƙwallo ya tsaya ya taya jera kujeru, shi ne bayan shekara za a gayyata gida.

Samarinmu masu kallon ƙwallo sun san Mohammed Kudus. Ɗan unguwar Nima ne a Akkara, wato ɗan zango na haƙiƙa. Amma ba Sarkin Zango ne ya sauke shi a Danmak ba. Makarantar ƙwallo ta Right to Dream ce ta rene shi tun yana yaro, ƙungiyar Nordsjælland ta ɗauke shi a 2018 da kwantiragi da izinin aiki, daga nan ya wuce Ajax a 2020. Paul Onuachu ma ta ƙungiyar Ebedei ta jihar Ogun ya isa Midtjylland. Duk wanda ka ga ya zauna lafiya a ƙasar, in ka bincika za ka tarar wata jami'a ce ko kamfani ko asibiti ko ƙungiya ta san da zuwansa tun bai taso ba. Gwamnatinsu tana fitar da jerin sana'o'in da take neman masu yi, injiniyoyi da masana kwamfuta da ma'aikatan lafiya sukan fito a ciki. Likitan da ya gama a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ma ba zai taɓa majinyaci ba sai hukumar lafiyarsu ta tantance takardunsa, ya ci jarrabawar harshe mai tsauri, ya yi aikin gwaji. Hanya ce mai tsawo, kuma a aji take farawa, a nan gida.

Don haka, iyayena na Boɗinga da Shagari, Allah ya ƙara muku lafiya, ina roƙonku abu ɗaya. In yaro ya zo ya ce an samo masa hanyar Danmak, ko wata ƙasa irinta, kada tambayarku ta tsaya a kan wa ya sani a can. Ku tambaye shi wace makaranta ko wane kamfani ne ya kira shi, ya kawo takardar, a kai wa wanda ya iya karatu ya duba ta a shafin hukumar shige da ficen ƙasar, a kuma tuntuɓi ofishin jakadancinsu da ke Abuja. Ku tambayi inda zai kwana da wanda zai biya hayar watannin farko. In an ce bizar ziyara ce, in ya isa zai san yadda zai yi, to ku sani bizar ziyara ba ta wuce kwana 90, ba a aiki da ita, kuma ba a ba mai ita lambar CPR. Ku kuma ƙannena, wanda ya ga zai iya, ya riƙe karatunsa ko sana'arsa har ta kai a neme shi, ya gyara takardunsa, ya fara koyon harshen tun yana nan. In babu takardar da ta kira yaro da sunansa, kada a sayar da ko taƙi ɗaya na gona.